Kura da Shan Bugu: Tarihin Anarcha, Lucy da Betsey

Duk wanda ya san wata mace da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari, ya san darajar aikin da ake yi a asibitoci irin na Babbar Ruga a Katsina. Sai dai asalin wannan aiki yana da ɗaci, kuma ina ganin ya wajaba mu san shi.

Tsakanin 1845 da 1849, a garin Montgomery na jihar Alabama a Amurka, wani likita mai suna James Marion Sims ya yi ta gwajin ɗinke wannan lalura a jikin baƙaƙen mata bayi. Izinin iyayengijinsu ya samu, domin a dokar wancan zamani baiwa ba ta da ikon cewa a'a. Mata uku kaɗai sunayensu suka iso gare mu: Anarcha, Lucy da Betsey. Ita Anarcha tana 'yar kimanin shekara 17 aka fara, kuma sau 30 aka yi mata aiki ba tare da maganin gusar da zafi ba, alhali tun 1846 aka nuna amfanin irin wannan magani a Boston. A 1849 ɗinkin ya kama, bayan da likitan ya koma amfani da zaren azurfa.

Daga nan sunan Sims ya ɗaukaka. Aka laƙaba masa uban likitancin mata, aka kafa mutum-mutuminsa a birnin New York a 1894. Matan kuwa aka manta da su: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a Afrilun 2018 hukumar birnin ta cire mutum-mutumin, bayan koke da zanga-zangar mata.

Cirewar ba ta biya matan bashinsu ba. Wadda ta ɗauki wannan nauyi ita ce Michelle Browder, mai fasaha mazauniyar Montgomery. Ta tattara tsofaffin ƙarafa da aka yasar, ta ƙera surar matan uku, aka buɗe aikin a Satumban 2021 da sunan Iyayen Likitancin Mata. Surar Anarcha ta kai ƙafa 15, kuma an bar rami buɗe a cikinta, inda mahaifa take. Wanda ya tsaya gabanta dole ya ɗaga kai, ya dubi wurin da aka yi ta yanka.

Ba na musun cewa dabarar Sims ta share wa mata da yawa hawaye. Abin da nake riƙe da shi shi ne, waraka ba ta halatta taɓa jikin mace ba da yardarta ba. Kowace majinyaciya da aka yi wa bayani, aka nemi amincewarta kafin a kai ta ɗakin tiyata, tana cin moriyar haƙƙin da aka hana Anarcha sau 30.