Jita Biyu a Bango Ɗaya

A watan da na kammala hidimar ƙasa na shiga wani shagon kayan kiɗa a Sabon Garin Kano, riƙe da kuɗin da na shekara ina tsimi daga alawus ɗina. Mahaifina bai san da zuwan ba. A gidanmu kiɗa sana'ar wasu ce, namu sauraro daga nesa, kuma burinsa shi ne in zuba ɗan abin da na tara a jarin atamfa. Na san sayayyar nan sau ɗaya zan iya yin ta. Idan na yi zaɓen tumun dare, ba ni da kuɗin gyara kuskure, ba ni kuma da bakin yi masa bayani.

Jitar lantarki biyu na tarar rataye a bango, dukansu na hannu, dukansu da surar nan da duniya ta sani da suna Stratocaster. Ta farko an ƙera ta ne don ta kwaikwayi ta shekarun 1950 daga kai har ƙafa, ba ragi ba ƙari. Ta biyu kuwa daga nesa ka ce tagwaye ne, sai ka matso ka ga an sauya mata abubuwa da dama irin na zamani. Farashinsu bai yi nisa da juna ba. Zuciyata ta karkata ga ta farko, domin tarihi na karanta a jami'a, kuma duk ɗalibin tarihi yana da rauni a kan abin da aka ce masa shi ne na asali. Mai shagon, wani dattijo da ya yi kiɗa a ƙuruciyarsa, ya ga na kasa tsayar da magana, sai ya ce, “Ɗana, je ka yi tunani. Ba inda za su.” Na koma gida na yi abin da aka koya mini: na bi diddigin asalin da nake ƙauna.

Jitar lantarki 'yar Amurka ce, kuma larura ce ta haife ta. A manyan ƙungiyoyin kiɗa na shekarun 1920 da 1930, ƙahonni da ganguna sukan danne muryar jita har mai kaɗa ta ya zama ɗan rakiya. A 1931 George Beauchamp ya haɗa wata na'ura mai ɗaukar sauti, shi da Adolph Rickenbacker suka fara sayar da jitar da ke ɗauke da ita a 1932, wadda saboda surarta aka yi mata laƙabi da kaskon suya. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai a sami ɗan lantarki a cikin wayar, shi ne ake turawa amsa-kuwwa ya fito da ƙarfi. A 1936 kamfanin Gibson ya fitar da ES-150, wadda Charlie Christian ya yi suna da ita. Sai dai cikinta rami ne kamar na jitar gargajiya, da an ƙure sauti sai ta kama kuwwa.

Wanda ya kai maganin wannan matsala kasuwa shi ne Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, mutumin da bai iya kaɗa jita ba. Tunaninsa na mai gyara ne: yaya za a ƙera abu da sauƙi, a kwance shi da sauƙi, a mayar? A 1950 ya fitar da jita mai gangar jiki ta katako tsintsa, ya sa mata suna Broadcaster. Da kamfanin Gretsch ya yi ƙorafi cewa sunan ya yi kama da na gangunansa, sai ta koma Telecaster a 1951. Wuyanta ba da gam aka manna shi ba, kusoshi huɗu na murɗawa ne suka riƙe shi, ta yadda in ya lalace a cire a sa wani. A 1952 Gibson ya mayar da martani da jitar Les Paul. A 1954 kuma Fender ya fito da Stratocaster mai maɗaukan sauti uku da ɗan hannun lanƙwasa murya, aka kuma rage mata kauri a wurin da take haɗuwa da haƙarƙari, saboda makaɗa sun koka cewa gefen ta farko yana takura musu. Hatta launukanta na musamman daga fentin motocin wancan zamani aka aro su.

A nan na fara yi wa kaina tambaya: yaushe abin da aka ƙera don aikin yau da gobe ya zama kayan tarihi? Amsar tana cikin shekaru ashirin da suka biyo baya. A watan Janairu na 1965 Leo Fender ya sayar da kamfaninsa ga CBS a kan dala miliyan 13. Sababbin masu shi suka faɗaɗa ƙira, suka sauya wasu abubuwa, makaɗa da yawa kuma suka yi ittifaƙin cewa inganci ya ja baya. Sai aka shiga neman waɗanda aka yi kafin cinikin. Ita ma Les Paul ta ga irin wannan juyi. An daina ƙera surarta ta asali bayan 1960 saboda ƙarancin ciniki, amma da Eric Clapton ya kaɗa ta a faifan da ya yi da John Mayall a 1966, sai samari suka bazama nemanta a shagunan kayan hannu, har Gibson ya dawo da ita a 1968.

Masu sana'a a Japan su suka fara karanta wannan ƙishirwa. A shekarun 1970 kamfanoni irin su Tokai da Greco suka riƙa kwaikwayon tsofaffin jitocin Amurka da ƙwarewar da ta tayar wa masu abin hankali. A 1982 Fender ya buɗe reshe a Japan, ya kuma fara sake ƙera irin na 1957 da 1962 da kansa. A 1985 ma'aikatan kamfanin, ƙarƙashin jagorancin Bill Schultz, suka saye shi daga CBS, bayan shekara biyu suka fitar da American Standard, mai tsohuwar sura da sabon aiki. Zuwa 1995 abin ya kai ana sayar da sabuwar jita da aka kankare wa fenti da gangan don ta yi kama da wadda ta sha hannu. Ashe jita biyun da na bari a bango jikokin waɗannan hanyoyi biyu ne: ɗaya ta bi sahun 1982, ɗaya ta bi na 1987.

Bambancinsu ba a ado yake ba. Fuskar wuyan tsohuwar ƙira tana da doro sosai, abin da masu ƙira ke aunawa da inci 7.25, yayin da ta zamani ta fi shimfiɗuwa, galibi inci 9.5, don kada sauti ya shaƙe idan an tura tsirkiya sama. Tsohuwar tana da matakai 21, sabuwar 22. A cikin wuyan kowace akwai sandar ƙarfe da ake murɗawa don miƙar da shi idan ya lanƙwashe. A tsohuwar ƙira bakin sandar yana gindin wuya, sau da yawa sai an sassauta kusoshi kafin a kai gare shi, a sabuwar kuwa yana can kai a fili. Maɓallin zaɓen sauti ma matsayi uku yake da shi a da. Makaɗa ne suka gano akwai wata murya mai daɗi a tsakankani, suka riƙa maƙale shi da tsinken ashana, kamfanin bai mayar da shi mai matsayi biyar ba sai a 1977. Kusan kowane sauyi da na bincika, sai in tarar wani makaɗi ne ya fara kokawa ko ya fara dabararsa.

Abin da ya ƙarasa rusa mini tunanina na farko shi ne labarin jitocin da suka fi kowace suna. Blackie ta Eric Clapton haɗin gambiza ce. A 1970 ya sayi tsofaffi shida a Nashville, ya yi kyauta da uku, ya tsinci sassan da suka fi yi masa daga ragowar ukun ya haɗa guda. A 2004 aka yi gwanjonta a kan dala 959,500. Baƙar jitar David Gilmour kuwa a zamanin CBS ɗin da ake kushewa aka ƙera ta, ya sauya mata wuya da maɗaukan sauti ba sau ɗaya ba, amma a 2019 ta kai dala 3,975,000. Jimi Hendrix bahago ne, sai ya ɗauki ta 'yan dama ya kifa ta ya sake jera tsirkiyoyi. Babu ɗaya cikinsu da ya bar ta yadda ta fito daga masana'anta.

Ba sai na tsallaka teku ba ma kafin in ga haka. A maƙwabciyarmu Nijar, matasan Abzinawa sun karɓi wannan jita sun koya mata harshensu, bisa tafarkin da ƙungiyar Tinariwen ta 'yan Mali ta share. Bombino na Agadas ya zaga duniya da ita. Mdou Moctar da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, yau kuma Stratocaster ta bahagwai yake kaɗawa a manyan dandamalin Turai da Amurka. Kiɗansu ya yaɗu a Sahara ta wayoyin hannu tun kafin kamfanonin waje su san da su, kuma ba wanda ya tsaya tambayar shekarar da aka ƙera jitar.

Ba ina raina mai son tsohuwar ƙira ba ne. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma wanda yake son ya ji a tafin hannunsa abin da makaɗan 1957 suka ji yana da hujjarsa. Kwafi na gaskiya hanya ce ta adana ilmi, kamar yadda ake adana kayan kakanni a Gidan Makama. Amma ni ba gidan tarihi zan buɗe ba. Koyo zan yi, a ɗakin da ke ɗaukar zafi a bazara, a garin da hunturu ke busar da katako har ƙofa ta daina rufuwa daidai. Kuma na fahimci cewa gadon da Leo Fender ya bari ya wuce surar katako: ɗabi'a ce ta sauraron mai aiki da abu, a gyara masa.

Bayan mako guda na koma shagon. An ɗauke wuta, janareta na ruri a waje. Dattijon ya jona ta farko, sai ga wani gunji siriri yana fita daga lasifika tun ban taɓa tsirkiya ba, halin maɗauki mai naɗi ɗaya ke nan tun zamanin Fender. Muryarta kuwa garau, mai daɗi, ban musa ba. Ya jona ta biyu, wadda aka yi wa naɗi biyu masu kashe gunjin juna, dabarar da Seth Lover ya kawo wa Gibson tun 1957. Shiru, sai abin da yatsuna suka faɗa. Na ce, “Baba, wannan zan ɗauka.” Ya miƙo mini ɗan makullin murɗa sanda ya ce, “Idan hunturu ya kama, kawo ta in nuna maka. Sau ɗaya za ka gani ka iya.”

Kwana uku ina ɓoye ta a bayan sif kafin mahaifina ya ji sautinta da daddare. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallonta. Ya tambayi kuɗinta, na faɗa masa gaskiya, ya girgiza kai. Sannan ya yi tambayar da yakan yi a kan duk abin da aka shigo da shi gidan, daga keke har injin markaɗe: “In ta lalace, ana gyara ta?”

Na ce, “Ana gyarawa, Abba. Ni ma zan iya.”

Bai ce ya yarda ba. Ya dai ce in rage sauti, mutane na barci, ya ja mini ƙofar.