Abokan Karatu a Gwandu

Duk wanda ya bi hanyar Kalgo zuwa Bunza zai ga mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013. Ɗalibi mai neman babban digiri yakan koka da kaɗaici, don kowa da bincikensa yake fama. Mukan ɗauka ciwon sabo ne, alhali magabatanmu a wannan ƙasa sun san shi, sun kuma san maganinsa.

A makarantun ilimi na da, almajirin da ya sauke Alƙur'ani shi ke zaɓar littafi, ya nemi malamin da ya ƙware a kansa. A zaure ake haɗuwa, wani ya karanta, malam ya fassara, sauran su saurara. Bayan an tashi sai a koma muraja'a, a ari littafin juna a kwafa da hannu. A nan zumunci ke ƙulluwa. Haka Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya taso tare da yayansa Shehu Usmanu, har suka yi karatu gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru. A cikin Ida'un Nusukh ya jera malamansa ɗaya bayan ɗaya.

Jihadi ya cinye da yawa daga wannan jama'a. A Tsuntsuwa a 1804 an rasa mahaddata masu yawa, a Alwasa kusa da Gwandu a 1805 aka ƙara rasa wasu. Littafinsa Tazyinul Waraƙat ya nuna yadda rashin ya taɓa shi: abokan sun tafi, waɗanda suka rage kuma ya ga sun karkata ga duniya. A 1807 ya bar rundunar da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, sannan ya komo.

Majalisin da ya sake ginawa a Gwandu bai watse da rasuwarsa ba. A 1853, zamanin Sarki Halilu, Bajamushen nan Heinrich Barth ya sami kwafin Tarikhus Sudan a hannun wani malamin garin, ya kwafi sassansa ya kai Turai.

Mutanen nan ba su ware lokacin neman abokai daban da na karatu ba. Wanda ka ara wa littafi, wanda ya gyara maka kuskure, shi ne abokinka. Ɗalibanmu na Kalgo suna iya farawa daga nan.