Las Meninas: Zanen da Ya Zama Makarantar Masu Fentin Mai

A tarihin zane-zanen Turai, kwaikwayon aikin magabata yana daga cikin matakan farko na koyon fentin mai. Ɗalibi kan tsaya a gaban fitaccen zane, ya bi shi launi bayan launi, har hannunsa ya gane abin da ido kaɗai ba ya kamawa. Daga cikin zanukan da aka fi koyo a gabansu akwai Las Meninas, wato 'yan matan da ke hidima a fada, wanda Diego Velázquez ya zana a shekarar 1656 a fadar Sarki Philip na IV na Sifaniya. A yau yana gidan tarihi na Prado da ke Madrid.

Zanen yana nuna wani ɗaki a cikin fada. Gimbiya Margarita, 'yar shekara biyar, tana tsakiya, hadimanta biyu na gefenta, ga kare a kwance. Velázquez da kansa yana tsaye a hagu riƙe da burushi. A bangon baya akwai madubi mai ɗauke da surar sarki da sarauniya, kusa da shi kuma wani bafade a bakin ƙofa.

Darasin zanen yana cikin haske da tazara. Haske na shigowa ta tagar dama, yana dushewa zuwa ƙuryar ɗaki, sannan ya sake bayyana a ƙofar baya. Wanda ya matso kusa zai ga rigar gimbiya shafe-shafen fenti ce kawai, sai an ja da baya take zama siliki. Mai kwaikwayo ne ke gano yawan abin da Velázquez ya bari ido ya ƙarasa.

Shin kwaikwayo yana kashe fasaha? Tarihin wannan zane ya ba da amsa. John Singer Sargent ya kwafe shi a 1879, kuma tasirinsa ya bayyana a zanen da ya yi wa 'yan matan gidan Boit su huɗu a 1882. Pablo Picasso kuwa, yana da shekara 75, ya fara sarrafa shi a 1957 cikin jerin zanuka 58, waɗanda ya bai wa gidan tarihinsa na Barcelona a 1968. Dukansu sun shiga ɗakin Velázquez, kowa ya fito da salonsa. Da koyo akan iya.