Wa ke naɗa madugu?

Ƙasar Magariya da Dungas ba ta da teku, kuma tashar manyan jiragen ruwa mafi kusa da ita tana can Legas ko Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 1000. Wanda ya ji ana zancen takardar shaidar kyaftin ɗin jirgin ruwa zai iya cewa wannan damuwar mutanen bakin teku ce. Sai dai tambayar da ta haifi waccan takarda tsohuwa ce a wannan ƙasa: wane ne ya isa a damƙa masa dukiyar mutane da rayukansu ya tafi da su inda babu sarki babu alƙali, kuma wa zai tabbatar da isarsa kafin a ɗaura kaya? Fataken da suka riƙa ratsa ƙasar nan tsakanin Damagaram da Kano sun amsa ta da madugu. A ganina tsarin madugu tantancewa ce ta gaske, mai sharuɗɗa da hukunci, wadda ta yi kama da ta matuƙan jirgi fiye da yadda ake zato. Da ayari ya mutu mota ta gaje shi, sai muka yar da tantancewar muka riƙe takardar da ba ta auna abin da madugu ya sani.

A ƙarni na 19 wannan yanki yana tsakiyar hanyoyi. Sarakunan Sosebaki na Dungas da Waca sun shiga ƙarƙashin Damagaram, gidan sarautar Magariya kuwa tushensa Daura. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Zinder ta zama babbar mahaɗar fatauci: fataken Gadamas da na Tarabulus suna sauka a unguwar Zango, attajirai irin su Malam Yaro suna aika kaya arewa da kudu, Buzayen Abzin suna saukowa da kantun gishirin Bilma da dabino su koma da gero. Daga Kano kuma ayarin goro yana nufar Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni, wani lokaci mutum ya fita bana sai baɗi. Ayarin goro ɗaya kan tara mutane 1000 ko fiye, da jakuna da takarkarai da dawakai. Gari guda ne ke tafiya a ƙafa, kuma gari ba ya zama ba shugaba.

Shugabancin ayarin goro a rabe yake, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya bayyana a bincikensa kan fataken goro Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Madugu ne uban tafiya, shi ke yanke ranar tashi da hanyar da za a bi, shi ke raba gardama. Jagaba yana gaba yana duba hanya da zango. Uban dawaki yana taimakon madugu wajen tara kuɗin hanya daga fatake. Akwai malamin ayari mai rubutu da lissafi da addu'a. A dubi abin da ke faruwa idan an iso bakin babban kogi: ayari ya tsaya nesa kaɗan, madugu ya aika da gaisuwa ga sarkin gari, a zauna cinikin kuɗin fito, a ƙirga kaya, a raba wa kowane falke nasa kason gwargwadon abin da ya ɗauko. Idan madugu ya yi rowa aka hana su jirage, goro yana nan cikin huhu yana jiran a kwance shi, a tsince mai tsutsa, a yayyafa ruwa, a sauya ganye. Kowace rana ta jinkiri hasara ce. Idan ya yi sakin hannu, ya ɓata farashi ga duk ayarin da zai biyo baya. Sanin wannan iyaka ba a makaranta ake samunsa ba. Yaro yana farawa da kora jaki a bayan ubansa ko ubangidansa, ya zama falke mai kayan kansa, ya yi jagaba, ya san harsunan hanya da halin kowane sarki, sannan watarana mutane su yarda su bi shi. Madugu Mai Gashin Baki, wanda ya raka Bajamushe Flegel zuwa Adamawa har ya je birnin Balin a 1884, irin wannan hawa ya yi shekara da shekaru kafin a kira shi da wannan suna.

A ayarin gishiri abin ya fi tsanani, domin can kuskure ba a biyansa da kuɗi. Daga duwatsun Abzin zuwa Fashi da Bilma ana ratsa Tenere kwana da kwanaki ba itace ba ciyawa. Ana tashi da kaka, raƙuma ɗauke da harawar da za su ci, ana ajiye wani kaso a hanya domin dawowa. Madugu yana gaba, yana auna gabas da rana da taurari da yadda iska ta kwantar da tudun rairayi. Idan ya kauce wa rijiya da ɗan tazara, ba mai gaya masa sai salka ta bushe. Ba wanda ke ba shi takarda, amma kuma ba wanda ke sa raƙumansa a bayan mutumin da bai sha ratsa hanyar a ƙarƙashin wani madugu ba.

Yanzu a ajiye wannan kusa da abin da Turawa suka yi a teku. Dokar jiragen ruwa ta Faransa ta 1681, wadda aka yi a zamanin minista Kolbe, ta ce ba mai zama kyaftin sai ya yi shekara 5 yana tafiya a teku, sannan a yi masa jarrabawa a bainar jama'a, tsofaffin matuƙa biyu su shaida ya iya, a gaban jami'an hukuma. Wato shekarun hanya da shaidar magabata, daidai abin da fatake suke nema, sai dai an sa shi a rubuce. Ingila ta daɗe ba ta tilasta komai ba. Mai jirgi yana iya ɗora ɗan'uwansa a kan jirgi ko da bai iya lissafin hanya ba. Yawan haɗurra ne ya sa aka fara jarrabawa ta ganin dama a 1845, aka mayar da ita dole da dokar 1850 ga kyaftin da mataimakansa a jiragen da ke zuwa ƙasashen waje, kuma aka ba hukuma ikon ƙwace takardar wanda sakacinsa ya jawo ɓarna. Yau yarjejeniyar STCW, wadda Hukumar Sufurin Teku ta Duniya ta amince da ita a 1978, ta fara aiki a 1984, aka yi mata babban gyara a 1995 da kuma 2010 a Manila, ita ce ma'aunin duniya. Hafsan da zai riƙe tsaron tuƙi a babban jirgi sai ya kai shekara 18, ya yi aƙalla wata 12 a teku cikin horon da aka amince da shi, ko wata 36 idan ba ta makaranta ya biyo ba. Kyaftin ɗin manyan jirage sai ya ƙara wata 36 yana hafsa, ana rage masa zuwa 24 idan ya yi shekara guda yana mataimaki na farko. Takardar tana da aji bisa girman jirgi da nisan ruwan da zai shiga, ana kuma sabunta ta duk shekara 5. Wannan ne ya sa ɗaliban makarantar horon matuƙa ta Oron a Najeriya suka daɗe suna kukan rashin jirgin da za su yi watannin teku a kai: karatun aji kaɗai ba ya ba mutum takardar.

Mai ja zai ce wannan kwatanci son zuciya ne, ana shafa wa tsohon zamani mai. Zai ce maduganci gado ne da dukiya, ɗan talaka ba ya kaiwa. Ga mahaifin Alhasan Ɗantata, Madugu Abdullahi na Bebeji, daga gidan fatauci ya fito. Zai ƙara da cewa cikin ayarin akwai bayi, wasu suna ɗauke da kaya, wasu su ne kayan, kuma ba wanda ya tambaye su ko sun yarda da madugu. Duka gaskiya ne, ba kuma abin da za a wanke. Amma gado yana buɗe ƙofa ne kawai. Falke ɗan kasuwa ne mai zaɓi. Idan madugu ya ɓatar da ayari ko ya ci amanar kuɗin hanya, labari yana riga shi isa zango, fatoman da ke sauke su ya ji, masu ba da bashi su ji, baɗi ya buga gangar tafiya ba mai fitowa. Hukuncin ya kai ƙwace takarda zafi, ko ya fi, domin babu inda za a ɗaukaka ƙara. Ainihin raunin tsarin yana wani wuri: yana kare wanda ya san mutane ne kawai. Baƙo da mace da bawa ba su da hanyar auna madugu. Abin da takardar kyaftin ta ƙara ke nan, ta ɗauki shaidar da dā ke yawo a bakin ƴan kasuwa ta miƙa ta ga fasinjan da bai san kowa ba.

Ayarin goro da na Tarabulus sun mutu da sauri. Faransawa sun kama Zinder a 1899, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma hawa jirgi daga Legas, fataucin Tarabulus ya durƙushe, a 1926 aka ɗauke babban birnin Nijar daga Zinder zuwa Yamai. Magariya ta zama ƙasar gyaɗa, manyan motoci suna kwasa zuwa Kano. Wani abu na tsohon tsari ya ɗan saura a tasha, inda yaron mota ke shekaru yana wanki da ɗaurin kaya da sa waigi kafin ubangidansa ya miƙa masa sitiyari. Amma abin da doka ta sani permi ne, wato lasisin tuƙi, shi kuwa permi yana bambanta ƙaramar mota da babba, da mai ɗaukar fasinja, ba ya bambanta kwalta da Sahara. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi a titunan Zinder, a idon takarda, daidai yake da wanda ya san kowace rijiya tsakanin Agadas da Dirku.

Maƙwabtanmu ne suka biya kuɗin wannan giɓi. A ƙarshen Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara, 33 mata. Yawancinsu daga ƙasar Kance suka fito, nan kusa da Magariya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su, ƙasa ta yi zaman makoki na kwana 3. A 2017 kuma mutum 44 suka mutu ta irin wannan hanya tsakanin Agadas da Dirku. Kowane tsohon madugu zai yi tambayoyin da ba a yi ba a ranar tashi: ruwan kwana nawa aka ɗauka, wa ya san rijiya ta gaba, me za a yi idan abin hawa ya tsaya? Amsar da hukuma ta bayar bayan mace-macen 2013 ita ce dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, wadda aka fara aiki da ita da ƙarfi a 2016. Tafiyar ba ta tsaya ba. An kama direbobi da yawa waɗanda suka san hanya, waɗanda suka rage suka riƙa kauce wa sanannun rijiyoyi don gudun jami'an tsaro. An soke dokar a Nuwamban 2023, motoci sun koma tashi a fili, amma tambayar isar direba tana nan inda aka bar ta.

Akwai ja biyu da suka rage. Na farko, cewa na'urar nuna hanya da wayar tauraron ɗan'adam sun maye gurbin sanin madugu. Jiragen teku sun fi kowace mota na'ura, duk da haka ba a rage wa kyaftin watannin teku ba, saboda na'ura tana nuna inda kake ne, ba ta yanke shawarar komawa baya idan ruwa ya ragu, ba ta hana direba guduwa ya bar fasinja. Na biyu ya fi nauyi: a ƙasashenmu takarda abar saye ce, sabon izini zai zama sabuwar hanyar karɓar na goro a shinge. Wannan tsoro yana da tushe, teku ma ta sha fama da takardun bogi, shi ya sa gyaran 1995 ya sa ana bin diddigin ƙasashen da ke ba da shaidar. Maganin yana cikin dokar 1681 da kuma al'adar zango: kada shaidar ta fito daga ofis kaɗai. Wanda ya sa hannu cewa wane ya san hanya ya zama tsohon direban da ke da sunan da zai ɓaci idan aka yi hasara. Ma'aikaci a bayan tebur bai rasa komai idan mota ta ɓace. Tsohon direban da ke zaune a tasha ɗaya da dangin mamatan yana da abin rasawa.

Saboda haka kiran yana kan ƙungiyoyin direbobi na Magariya da Dungas da Matamai da Zinder, da ma'aikatar sufuri. A ware izini na musamman ga mai ɗaukar mutane zuwa arewacin Agadas, kada a ba shi sai ya yi tafiye-tafiye sanannu a ƙarƙashin wani, tsofaffin direbobi biyu su shaide shi da sunansu, a rubuta, a riƙa sabuntawa, a ƙwace daga hannun wanda ya bar fasinja a daji. Iyalan da ke sallamar ƴaƴansu a tasha kuma su riƙa tambaya, kafin su biya kuɗin mota, sau nawa direban ya bi wannan hanya kuma a hannun wa ya koya.