Yadi 22 Tsakanin Mai Jifa da Mai Bugu: Tarihin Zirin Kurket da Rabon Kudancin Birnin Kaduna

Filin kurket faffaɗa ne, amma hukuncin wasan a wani ɗan ziri na tsakiyarsa ake yanke shi. Tsawonsa yadi 22, wato mita 20 da 'yan kai, faɗinsa ƙafa 10. Mai jifa yakan doka ƙwallo a ƙasa kafin ta isa ga mai bugu, saboda haka ƙasar nan ita ce alƙali tsakaninsu. In ta yi laushi ƙwallo ta mutu, in ta yi gargada ƙwallo ta haukace. Fiye da shekara 250 aka yi ana neman yadda za ta riƙe adalci.

Tun a dokokin wasan na 1744 a Ingila aka rubuta tsawon nan na yadi 22, bai kuma canza ba har yau. A lokacin mirgina ƙwallo ake yi a ƙasa. Sai a shekarun 1760 masu jifa suka fara wurga ta a iska ta dira ta tashi, daga nan kowane tudu da kwari ya zama makami. Dokar 1774 ta ba baƙi damar zaɓen inda za a kafa sandunan da mai bugu ke karewa, kuma wani gwanin jifa, Lumpy Stevens, ya yi suna wajen zaɓo wuri mai ɗan tudu da zai rikita mai bugu. Gyaran fili kuwa tumaki ne ke yin sa, har a filin Lord's da ke Landan, domin sai 1830 Edwin Budding ya ƙera injin yanke ciyawa.

Rai aka rasa kafin a farga. A 1870 ƙwallo ta yi tsalle daga zirin Lord's ta sami George Summers, ɗan wasan Nottinghamshire, a kai, ya rasu bayan kwana huɗu. Daga wannan zamani aka dage da amfani da rola mai nauyi, ana zuba yumɓu ana dannewa, kula da fili kuma ya zama sana'a mai zaman kanta. Sai dai gyaran ya wuce gona da iri, har ziri ya koma goyon mai bugu. A 1938 Ingila ta tara maki 903 a filin Oval, Len Hutton kaɗai ya ci 364. A 1939 a Durban, Ingila da Afirka ta Kudu suka yi ta fafatawa daga 3 zuwa 14 ga Maris, aka tashi babu gwani saboda jirgin ruwan Ingila zai tashi. Ɗaya gefen ma, wato ziri mai haɗari, bai ɓace ba: a 1998 aka tsayar da wasan Ingila da West Indies a Sabina Park ta Jamaika cikin kusan awa guda, don ƙwallo na ta raunata masu bugu.

Daga waɗannan darussa masana suka tsaya a kan siffar ziri nagari. Ya kasance mai tauri kuma bai ɗaya, yadda ƙwallo za ta tashi gwargwadon da ake tsammani, mai bugu ya nuna gwanintarsa ba da fargaba ba. Ya kasance da 'yar ciyawa da ɗan danshi a farko, domin mai jifa da ƙarfi ya ga ƙwallonsa tana kaucewa. Sannan ya riƙa tsufa a hankali, ya bushe ya tsattsage, har mai murza ƙwallo da yatsu ya samu nasa rabon a ƙarshe. Sirrin yana cikin yumɓu. Na Ingila yakan kai kashi 30 cikin 100, na Ostireliya ya haura 50, shi ya sa aka san Perth da ƙwallo mai sauri da tsalle. Aikin ya yi kama da daɓen ɗaki: a jiƙa ƙasa har ciki, a danne ta tana da danshi, a bar ta ta bushe sannu a hankali, wanda ya yi gaggawa kuwa ya ga ɓarɓashi.

A Najeriya, Turawan mulki ne suka kawo wasan, kuma tun 1904 Legas ta kara da Gold Coast, Ghana ta yau. A Arewa ta makaranta ya shigo. Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938 sannan Zariya a 1949, daga baya ta zama Barewa, ta sa kurket cikin wasannin ɗalibanta. Amma zirin ciyawa yana son ruwa kullum, Kaduna kuwa daga Nuwamba zuwa Maris rani ne da hunturu. Mafitar da ƙasashe masu zafi suka samu ita ce shimfiɗa tabarmar igiyar kwakwa a kan ƙasa dannanniya, daga baya a kan siminti. Afirka ta Kudu da Pakistan ma sun daɗe suna manyan wasanni a kan tabarma. Haka mafi yawan 'yan wasan Najeriya suka taso.

Siminti ya yi rana, domin shi ya raya wasan a inda babu kuɗi. Aibinsa shi ne ba ya tsufa. Yadda yake da safe haka yake da yamma, don haka yaron da ya koyi bugu a kansa bai san karanta ƙasa ba, mai jifa kuma bai san jiran sa'ar da za ta juyo gare shi ba. Wannan giɓi ne aka fara cikewa a 'yan shekarun nan, da aka samar da zirin ciyawa a Legas da Abuja da Benin. A daidai wannan zamani samarin Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka je gasar duniya ta 2020 a Afirka ta Kudu, 'yan matan kuma suka doke New Zealand a Malesiya a 2025.

A Kaduna, dandalin Murtala da aka sani da kurket yana arewacin kogin Kaduna. Kudanci kuwa, tashar jirgin ƙasa da masaƙar Kakuri ta 1957 da matatar mai ta 1980 suka tara masa jama'a, ga makarantu masu filaye daga Kakuri zuwa Barnawa, Narayi da Sabon Tasha. Kayan aikin ma suna kusa. Jar ƙasa mai tsakuwa ba ta riƙe kanta, amma fadamun bakin kogi suna da laka, kuma gwajinta ba wuya: a cura ta ƙanana, a shanya, a ga nauyin da za ta ɗauka kafin ta fashe. Kiri-kiri da manomi ke yaƙi da shi a gona, danginsa ne ake shukawa a filayen Indiya da Ostireliya, don saiwarsa na ɗaure ƙasa kuma yana jure zafi.

Abin da ya rage shi ne rijiyar burtsatse, rola, da mutum guda da aka koya wa sana'ar, ake kuma biyansa a kan kari. Tarihin zirin nan ya nuna cewa mai kula da fili shi ke fara horar da ɗan wasa. Makaranta ɗaya a kudancin birnin Kaduna da za ta ɗauki wannan nauyi ta isa ta ba yaran unguwannin nan ilimin da siminti ba zai taɓa ba su ba.