Tsotsar danshi a garin magani

Tsotsar danshi yanayi ne da busasshen sinadari yake jan ruwan da ke cikin iska har ya narke da kansa. Kowane sinadari mai narkewa a ruwa yana da iyakar laimar da zai iya jurewa. Gishirin miya yakan fara narkewa idan laimar iska ta kai kusan kashi 75 cikin 100, sukari kuwa sai wajen kashi 85.

Masana suna bayyana wannan da ma'aunin kuzarin ruwa, wato yadda ruwan da ke jikin abu yake a sake, a shirye ya fita ko ya yi aiki. Tushen ma'aunin yana cikin aikin Gilbert Lewis, masani ɗan Amurka, a shekarar 1907. Ruwa yana barin inda kuzarinsa ya fi yawa ya koma inda ya fi ƙaranci.

A birnin Kano

A cikin birni ana ganin abin da ido. Da hunturu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20, gishirin da ake aunawa a Kasuwar Kurmi ya zauna garas. A watan Agusta, tsakiyar damina, sai ya jiƙe ya dunƙule, alhali ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

Gauraye

Abin da ya fi damun masu haɗa magunguna shi ne gauraye ya fi saurin jiƙewa fiye da kowane ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikinsa. Idan gishiri da sukari suka haɗu, iyakar takan faɗo zuwa wajen kashi 64, domin ɗan ruwan da ya taru a tsakaninsu yana narkar da su biyun, kuzarinsa ya ƙara raguwa, ya ƙara jan wani daga iska.

Garin ORS da ake ba yara masu gudawa irin wannan gauraye ne. Tsohon haɗinsa yana ɗauke da bikabonet, ɗan'uwan kanwa, wanda a wuri mai zafi da laima yake ɓata gulukos, garin ya koma ruwan kasa. A 1984 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a musanya shi da sitret, wanda ya fi jure ajiya. Duk da haka sai an liƙe garin cikin ƙunshin da ba ya shan iska, kuma wanda ya huje har garin ya dunƙule ko ya sauya launi, zubar da shi ake yi.