Ina Takardun Suke?

Mu da muka karanci ilimin halayyar ɗan'adam a Arewa kafin shigowar wannan ƙarni, da littafin Bature aka yaye mu, kuma ba a musu da shi. In ya ce an gwada abu a Amurka an samu kaza, to kaza ɗin ne, ka haddace ka zuba ranar jarrabawa. Fannin kansa baƙo ne a ƙasar nan. Sashensa na farko an buɗe shi a Jami'ar Nsukka a 1964, mu kuwa ta ƙofar tsangayar ilimi ya fi shigo mana, a matsayin darasin mai shirin zama malamin makaranta. Ni mutumin Kaugama ne a ƙasar Haɗeja, kuma aikin da na fi daɗewa a kansa shi ne duba kundin ɗalibai da jagorantar masu zagaya ƙauyuka da takardar tambayoyi. Daga nan nake kallon tarihin.

Lokacin da Bahaushe ya shiga manyan littattafan fannin, ba da kyakkyawar shaida ya shiga ba. A 1966 wani Ba'amurke, Robert LeVine, ya fitar da littafi mai suna Dreams and Deeds. Ya bi makarantun sakandare na maza, ya sa ɗalibai 342, Hausawa da Yarbawa da Ibo, su rubuta mafarkin da suka yi, sannan aka ƙirga sau nawa burin cin nasara ya fito a cikin mafarkan. Ibo suka zo kan gaba, Yarbawa na biye, Hausawa a ƙarshe. Bayaninsa shi ne tsarin sarauta da barantaka ya koya wa Bahaushe cewa biyayya ga ubangida ita ce hanyar ɗaukaka, ba ƙoƙarin kai ba. Don wannan ya jingina da aikin M. G. Smith kan masarautar Zazzau.

LeVine ba maƙaryaci ba ne, kuma ya yi aikinsa bisa ƙa'idar zamaninsa. Amma duk wanda ya tashi a gidan Hausawa zai tsaya a wurare biyu. Wa ke sakandare a Arewa a farkon shekarun 1960? 'Yan tsiraru, da yawansu 'ya'yan sarakai da ma'aikatan En'e. Ɗan fatake da ke bin ubansa Gwanja ko Ikko ba ya ajin, almajiri ba ya ajin, mace ko ɗaya babu. Sannan mafarki ba abin da muke zazzage wa kowa ba ne. Tun muna yara aka hore mu cewa mummunan mafarki ba a faɗinsa, mai kyau kuma sai ga masoyi. Yaron da baƙo ya miƙa wa takarda a aji ya ce rubuta mafarkinka, zai rubuta abin da ba zai ja masa magana ba. Shekara uku kacal bayan littafin, Abner Cohen ya buga nasa kan Hausawan Sabo a Ibadan, waɗanda suka riƙe cinikin goro da shanu tsakanin Kudu da Arewa. Alhassan Ɗantata kuwa ya rasu tun 1955 ana lissafa shi mafi arziki a Afirka ta Yamma. Duk da haka, jerin nan na Ibo, Yarbawa, Hausawa ya yi ta yawo daga littafi zuwa littafi, har ya fito daga bakin mutanen da ba su taɓa jin sunan LeVine ba.

Akwai wani binciken, mai daɗin ji wannan karon, da LeVine da Robert Marvin da abokan aikinsu suka buga a 1977, kan shaƙuwar jariri da masu renonsa. Sun ga cewa jaririn Bahaushe a babban gida yakan shaƙu da mutum uku ko huɗu, ba uwa kaɗai ba, kuma hakan bai hana shi natsuwa ba. Kowace kaka a Kaugama za ta ce ai ta san wannan. Abin lura shi ne jarirai 18 aka duba. Har yau in manyan littattafan fannin za su ambaci Hausawa a babin reno, waɗannan 18 ɗin ne wakilan miliyoyinmu.

Da namu suka karɓi alƙalami, ba mu gyara ba, sai muka ɗauki siffar aikin muka bar ruhinsa. Na koyar a wata makaranta inda duk shekara ɗaruruwan ɗalibai ke rubuta kundi kan abu ɗaya: tasirin kaza a kan ƙwazon ɗalibai a ƙaramar hukuma kaza. A aro takardar tambayoyi daga tsohon kundi, a raba, a kai wa wani yaro mai kwamfuta a bakin ƙofar makaranta ya zuba a manhajar lissafi ta SPSS. Tambayar da yaron ke yi kafin ya taɓa komai ita ce, "Yallaɓai, so kake ta fito ko kada ta fito?", wato lissafin ya nuna akwai tasiri ko babu. Bayan an kare kundi, takardun da aka cike sai a ɗure su a buhu a jefa sito. Wasu gara ta ci, wasu ruwan damina. Na taɓa sayen ƙosai a tasha aka naɗe mini shi a shafi na biyu na takardar wani ɗalibi, da amsoshin wata malama kan zamanta da mijinta a jiki.

A fili kuma wata matsalar ce. Ka aika matashi ƙauye a fadama cikin Agusta, hanya ta yanke, kuɗin mashin bai isa ba, an ce ya kawo takarda 30 kafin magariba. Zai yi goma, sauran ya zauna gindin maina ya cike da hannunsa. Mai duba aiki da ya ƙware yakan gane: biro ɗaya, babu gogewa ko ɗaya, kuma shekarun mutane duk sun ƙare da sifiri ko biyar. Ko wadda aka yi da gaske ma, ka tambayi matar aure a zaure, maigida na tsaye, ko ta ji baƙin ciki cikin makon nan, kuma ta zaɓa daga ɗaya zuwa biyar. "Alhamdu lillahi," za ta ce. Mai tambaya ya rubuta lambar da ya ga dama.

Mun daɗe muna ɗauka cewa wannan ciwon namu ne mu kaɗai, na rashin kuɗi da rashin horo. Sai asiri ya fara tonuwa can inda littattafan suka fito. A 2006 Jelte Wicherts da abokansa a Holan suka rubuta wa marubutan maƙala 141 da suka fito a manyan mujallu huɗu na ƙungiyar masana fannin ta Amurka, suna roƙon alƙaluman da aka gina maƙalun a kai. Duk marubutan sun amince da ƙa'idar bayarwa kafin a buga musu. Bayan wata shida, kashi 73 cikin 100 ba su bayar ba.

Shekarar 2011 ita ta fasa ƙwai. Daryl Bem na Jami'ar Cornell ya buga gwaji tara a babbar mujalla, yana cewa mutum na iya jin abin da bai riga ya faru ba. Bai karya ƙa'ida ko ɗaya da aka saba bi ba, kuma wannan ne ya tsorata mutane: in hanyar da kowa ke bi ta iya haifar da wannan, me kuma ta haifa a baya? A watan Satumba aka dakatar da Diederik Stapel, shugaban tsangaya a Jami'ar Tilburg, bayan ƙananan masu bincike uku sun kai ƙararsa. Shekaru ya yi yana zama a ɗaki yana ƙirƙiro lambobi, yana ba ɗalibansa su yi digiri da su. An janye maƙalunsa 58. Kafin shekarar ta ƙare, Joseph Simmons da Leif Nelson da Uri Simonsohn suka nuna cewa ba sai an yi ƙarya ba. Da lissafi halastacce suka "tabbatar" cewa sauraron wata waƙar mawaƙan Beatles na rage wa mutum shekara ɗaya da rabi.

Dabarar mai sauƙi ce, kuma yaron nan mai kwamfuta ya san ta ba tare da ya karanta su ba. Ƙa'idar 0.05 da muke rantsuwa da ita na nufin ko da babu wani bambanci a gaskiya, sa'a kaɗai za ta fito da shi kusan sau ɗaya cikin 20. To ka gwada maza daban, mata daban, ka cire waɗanda amsarsu ta yi nisa, ka ƙara mutum goma ka sake dubawa, dole wata ƙofa ta buɗe. Sai ka rubuta wannan ɗaya, ka yi shiru da sauran. Kamar masunci ne a kogin Haɗeja da ba ya ba da labari sai na ranar da ya kama giwan ruwa. Mai sauraro zai ɗauka kogin cike yake da ita.

A Agustan 2015 masu bincike 270, ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek, suka fitar da sakamakon maimaita bincike 100 da aka buga a manyan mujallu uku. A asali 97 sun ce sun samu abin da suke nema. Da aka sake, kusan kashi 36 cikin 100 ne suka tsaya. A 2018 aka sake gwada sanannun sakamako 28 a ƙasashe 36, rabi suka faɗi. Daga nan sabbin al'adu suka kafu: ka rubuta abin da za ka gwada da yadda za ka lissafa shi, ka ajiye a bainar jama'a kafin ka tara bayani ko ɗaya, ka ɗora alƙalumanka a intanet, kuma wasu mujallu su karɓi aikinka tun kafin a san me zai fito.

Wani ɓangaren rikicin ya fi shafarmu. Jeffrey Arnett ya ƙirga a 2008 ya ga kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi wa gwaji a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma suke, ƙasashen da ke da kashi 12 kawai na mutanen duniya. Gwajin alewa da aka daɗe ana koyarwa, inda ake ajiye wa yaro abin daɗi a ce in ya jira za a ƙara masa, Bettina Lamm da Heidi Keller sun kai shi ga 'ya'yan manoman Nso a Kamaru, da fanke maimakon alewa. Kusan kashi 70 cikin 100 na yaran sun jira minti goma, na Jamus ba su kai kashi 30 ba. A 2022 wani ɗan Nijeriya, Adeyemi Adetula, da abokansa suka yi kira da a riƙa ɗaukar tambayar bincike daga Afirka, ba a kawo ta kawai a gwada a kanmu ba. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Abin da ke ba ni takaici, kuma yake ba ni ƙarfin gwiwa, shi ne misalin aiki nagari yana nan Jigawa, sai dai ba a fanninmu ba. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi aikin zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Garki, yamma da mu, lokacin tana cikin Jihar Kano. An fesa magani a ɗakuna, an raba ƙwayoyi, ana ɗibar jinin mutanen ƙauyuka duk mako goma. Abin da aka je nema, wato yanke yaɗuwar cutar, bai samu ba. Ba su ɓoye ba. Masana biyu, Molineaux da Gramiccia, suka rubuta littafi guda a 1980 suka faɗi haka, aka adana bayanan, daga baya aka ɗora su a intanet. Shekara hamsin ke nan, masu lissafin cutar a duniya na komawa kan jinin mutanen Garki don gwada hasashensu.

Misali na kusa kuma shi ne shirin tallafin renon yara da aka fara a 2013 a Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma, da Anka da Tsafe a Zamfara. Ƙauyuka 210 aka raba ta hanyar ƙuri'a, ana ba mai juna biyu naira 3,500 duk wata har yaro ya shekara biyu, haɗe da faɗakarwa kan ciyarwa. Sakamakon ya fito a 2021 a mujallar American Economic Review: tsumburewar yara ta ragu da kashi 8 cikin 100. Mujallar ba ta buga aiki sai an ajiye alƙaluma da lissafin inda wani zai iya sake bi. Mai shakka ya je ya duba, gani ya kori ji.

Ba na cewa a baje sirrin mutane a kasuwa. A ƙauye mai gida 60, ko an goge suna, "bazawara mai 'ya'ya bakwai" ta riga ta bayyana. Dokar kare bayanai ta 2023 ta hana sakaci da wannan, kuma mutanen da ba su manta gwajin maganin Trovan na Kano a 1996 ba suna da hujjar tambayar ina za a kai amsarsu. A goge abin da ya kamata a goge, a nemi izini da Hausar da mutum ke ji, a koma a gaya wa gari abin da aka samu. Wannan na ƙarshen kusan ba ma yin sa.

Yanzu muna da Jami'ar Tarayya a Dutse, da ta Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, da Kwalejin Ilimi a Gumel. Roƙona ga shugabannin sassa a waɗannan wurare bai da tsada. Kada a sa hannu a kundi sai ɗalibi ya miƙa alƙalumansa an adana. Wanda bincikensa bai fito da komai ba, ya faɗi gaskiya, a ba shi makinsa cikakke. Maimakon ɗalibai 40 su yi ƙananan ayyuka 40 da ba wanda zai karanta, a haɗa su su maimaita babban aiki ɗaya. A fara da na LeVine, da Hausa, da mata a ciki, da 'yan kasuwar Maigatari da manoman riɗin Kaugama, kuma a rubuta a ajiye abin da za a ƙirga kafin a fita.